Aikin da ke hannunka shi ke zaɓar inji

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen ƙaramin injin lez na kan tebur, ko milin, don ƙera 'yan ƙananan injina na sha'awa, tambaya ɗaya nake fara yi masa: a cikin abin da kake son ƙerawa, wane yanki ne ya fi girma, kuma da wane ƙarfe? Yawanci sai a yi tsit. Mutum ya haddace sunayen kamfanoni da farashi da ƙarfin moto, amma bai taɓa ɗora rula a kan zanen aikinsa ba. Tambayar ma ba tawa ba ce. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa da ita yake tarar kowa: "Yaro, me za ka yanka?" In ba amsa, ya juya ya ci gaba da abin da yake yi.

Ga wanda bai saba ba, a lez ƙarfen ne ke juyawa, wuƙa ta matso tana fere shi, don haka duk abu mai zagaye aikinsa ne: fistin, sanda, wili. A milin kuwa wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen na ɗaure a tebur, ana fitar masa da miƙaƙƙiyar fuska da kwarmi da ramuka.

Ɗauki Stuart 10V, ƙaramin injin tururin da masu wannan sha'awa a Ingila suka daɗe suna buɗe hannu da shi. Ɗanyen zubi, wato sassan ƙarfe yadda suka fito daga mazubi ba a gyara su ba, ake sayar maka da zane, sauran aiki naka ne. Ramin silindarsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wilinsa kuma inci 3, wajen milimita 76. Wannan wili kaɗai ya isa ya tankaɗe maka injinan kasuwa.

Fara da lambobin da ake rubutawa a takardar talla. Lez ɗin Sherline na Amurka an ce inci 3.5 ne. Myford ML7 na Ingila, wanda aka fara ƙerawa a 1946, shi ma an ce inci 3.5. Sai ka ɗauka sa'o'in juna ne, alhali ɗaya ya ninka ɗaya. Amurkawa faɗin abin da zai iya juyawa a saman gadon inji, wato doguwar ƙasansa da teburin wuƙa ke tafiya a kai, suke faɗa, mutanen Ingila kuwa tsayi daga gado zuwa tsakiyar cak, wato abin da ke damƙe ƙarfen yana juyawa da shi, suke aunawa. Ke nan Myford inci 7 yake ɗauka, har da wani giɓi a gadonsa kusa da cak inda wili mai inci 10 zai juya. A Sherline wilin nan namu zai shiga, amma da ƙyar, don haƙoran cak in sun buɗe sosai sukan leƙo waje su nemi dukan gado. Sai dai a ɗaure shi a faranti, ko a sa tubalan ƙara tsayi da kamfanin ke sayarwa. Kuma wannan lamba ta saman gado ce kawai. A Sherline, abin da zai wuce ta saman teburin da ke ɗauke da wuƙa bai kai inci 2 ba.

Shiga ma ba ita ce ƙarshen magana ba, saura gudu. Ƙarfen zubi, in da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai taurin da ke jure zafin yanka, za ka yanke shi, yana son fuskarsa ta riƙa wuce bakin wuƙa da kamar mita 20 a minti. Kewayen wilin kusan santimita 24 ne, ka ga ke nan juyi 80 da 'yan kai a minti. Ga 'yar sandar tagulla mai milimita 3 kuwa, ko juyi dubu biyu ka ba ta ba ta ƙoshi ba. Masu talla saman gudu suke kururutawa, ni kuwa ƙasan nake dubawa, da ƙarfin da ya rage wa injin a can. Ƙananan injinan da ake rage musu gudu da ɗan maɓallin murɗawa, in ka sauke su ƙasa sosai sai numfashinsu ya ragu, wuƙa na cizo moto na tsayawa. ML7 da giyar baya yake sauka har juyi 35, kuma yana sauka ƙarfin murɗarsa na ƙaruwa.

Ɗanyen zubi kuma yana da wata fata mai tauri haɗe da yashin da aka zuba shi a ciki. In ka ji tsoro ka ɗebi kaɗan a yankan farko, bakin wuƙa kan fatar zai riƙa gogawa, kafin wili ya zaga sau ashirin ta dakushe tana ƙyalli. Dole yankan farko ya nutse ƙarƙashin fatar. A daidai nan ake gane injin da ke da jiki. Marar nauyi sai ya kama karkarwa yana wani kuka mai tsini, fuskar aikin ta fito da zane-zane kamar bayan kada. Mai nauyi kuwa gurnani kawai za ka ji, baƙin gari na zuba a tire.

Shi ya sa bayan girman aiki, kilo nake tambaya. Gajeren Sherline wajen kilo 11 ne, mutum ya gama aiki ya ɗaga shi ya ɗora a kanta. Lez mai inci 7 a awon Amurkawa da kamfanin Sieg ke ƙerawa a Shanghai, wanda dillalai da yawa ke sayarwa da fenti da suna daban-daban, ya kai kilo 40. Ramin da ya ratsa sandar cak ɗinsa milimita 20 ne, na Sherline kuwa 10, kuma wannan rami shi ke yanke hukuncin kaurin sandar da za ka zura ta baya ba tare da ka guntule ta ba. Amma fa na Shanghai ba a fito da shi daga akwati a hau aiki. Sai an wanke man da aka shafe shi da shi, an goge kaifin gefuna, an zauna an daidaita 'yan sukurorin da ke matse teburin har ya daina girgiɗi bai kuma cije ba. Wanda bai da haƙurin wannan, ko kuma aikinsa bai wuce kayan agogo da ƙananan sassa na tagulla da alminiyom ba, Sherline ko Taig ko Proxxon na Jamus sun fi masa kwanciyar hankali. Wanda idonsa ke kan injin tururi na zubi, ni dai mai inci 7 zan nuna masa, ko tsohon Myford in Allah ya haɗa shi da wanda gadonsa bai cinye ba.

Maganar milin ba ta da tsawo a wurina: a fara da lez. Mutanen da suka ƙera dubban irin su 10V a da, da yawansu ba su mallaki milin ba, wani ɗan tebur mai hawa da sauka suke ɗaurawa a lez, su sa wuƙar a cak. Yana da wahala, amma yana yi. In lokacin milin ya zo, a dubi ginshiƙinsa. Sanannen X2 na Sieg yana da ginshiƙi mai karkatawa hagu da dama a kan ƙusa ɗaya, abin da ba kasafai ake bukata ba, kuma ta nan yake rasa tauri. Akwai irinsa mai kafaffen ginshiƙi, shi ya fi. Tsohon samfurin giyar roba ce a kansa, wadda kan karye in wuƙa ta cije, shi ya sa mutane ke mai da shi na bel. Injin nan kuwa mai haɗa lez da milin a jiki ɗaya ban taɓa ba wa kowa shawararsa ba. Rabin yini a kwance wannan a ɗaura wancan yake tafiya.

Kuɗi kuma kada a ƙarar da su a kan inji. Cak mai haƙora huɗu, bais na kirki, agogon awo, maikuromita na auna kauri, kolet mai matse sanda ko wuƙa a bakin inji, wuƙaƙe, dutsen wasa su, in ka tara sai su kamo kuɗin injin kansa. Agogon awon nan musamman, in babu shi ba ka da hanyar sanin aikinka ya zauna a tsakiya ko kan milin ya miƙe. Wata dabara mai rage kashe kuɗi ita ce a nemi milin mai bakin MT3, wato ma'aunin ramin da kolet ke shiga, irin na lez mai inci 7, don kolet ɗaya ya yi wa duka biyun aiki. A kuma yanke shawara tun wuri tsakanin inci da milimita. Zanen Stuart da inci aka yi shi, zaren sukurorinsa kuma BA ne, wani tsohon ma'aunin Ingila, wanda da wuya ka same shi a shagon ƙusoshi na unguwa, gara a yi odar abin yanka zaren tare da zubin.

Sauran abubuwa ƙasarmu ce ke jawo su. Ƙurar hunturu in ta sauka a kan gadon da aka shafa wa mai, ta zama abin gurza, haka ma garin zubi, don haka a goge a rufe kullum. Hannun riga mai faɗi da lez ba sa zama wuri ɗaya, safar hannu ma haka, makullin cak kuma ba a barinsa a jiki ko na ƙiftawar ido. Sai wuta. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 ne, tamu 230 ce. Na Sherline yana karɓar duka biyun da kansa, amma na Shanghai sai ka tantance wanne kake oda. Allon lantarkin da ke sarrafa gudunsu ba ya jure hawa da saukar wutar NEPA ko ta ƙaramin janareta, kuma in ya ƙone sai an jira wani daga waje. A lissafin kuɗin inji, a sa na sitabilaiza tun daga farko.