Abin da aikin dashen itatuwa ya koya min game da 'yan takara

Da zaɓe ya matso sai ka ga 'yan takara sun fara sintiri a gandun renon itatuwan da nake aiki, a saya musu dashen darbejiya ko mangwaro, a ɗauki hoto da shebur a hannu a saka a Facebook, shi kenan an gama. Kafin bazara awaki sun cinye rabi, ragowar kuma rana ta ƙona su tunda babu mai ban ruwa. Shi ya sa ni yanzu ko an ce min an dasa dubu nawa ba ya burge ni, tambayata nawa ne suka ga damina ta biyu da ransu.

Wannan ma'aunin a tarihin Wangari Maathai ta Kenya na tsince shi. 'Yar ƙauye ce daga yankin Nyeri, an haife ta a 1940, ta yi karatu a Amurka, ta dawo ta yi digirin digirgir a Jami'ar Nairobi a 1971, tana koyarwa a sashen likitancin dabbobi. Ba da maganar sauyin yanayi ta fara ba fa, matan karkara ne ke ta kukan itacen girki ya yi nisa, rafuka suna ƙafewa, abinci ba ya isa, sai ta ce to a dasa bishiya. Guda bakwai kacal suka dasa a Nairobi a 1977, daga nan ƙungiyarta ta dashen itatuwa, Green Belt Movement, ta samo asali. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ɗan kuɗin da ake ba mace sai bishiyar ta rayu tukuna. Da muka kwaikwayi wannan wallahi sai ga mata suna kewaye dashensu da ƙaya, suna tara ruwan wanke-wanke a tsohuwar jarka saboda shi, babu wanda ya sa su.

Ɓangaren siyasarta kuma akwai ɗaci. A 1982 ta ajiye aikin jami'a don ta tsaya takarar majalisa, aka hana ta tsayawa, jami'ar ta ƙi mayar da ita har gidan da take ciki aka karɓe. A 1989 ta yi tsaye a kan shirin gwamnatin Moi, shugaban Kenya na lokacin, na gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru har aka fasa, a 1999 kuma aka fasa mata kai wajen kare dajin Karura. Duk da haka da ta nemi shugabancin ƙasa a 1997 ƙuri'unta ba su taka kara sun karya ba. Sai a 2002 ta ci kujerar majalisa ta mazaɓar Tetu da kashi 98 cikin 100, ta samu kyautar Nobel a 2004, amma a 2007 kujerar ta suɓuce mata, da Nobel ɗin da komai.

Akwai wani yaro a wurinmu, mai ƙwazo ne kam, ya dage sai ya fito kansila wai ai duk unguwa an san aikinsa. Na ce masa ƙanena ban hana ka ba, amma matan da ke shayar da bishiyoyinka babu daliget ko ɗaya a cikinsu, ka fara zuwa ka ga su waye ke zama a ofishin jam'iyya na mazaɓarku kafin ka sayi fom.