Takardar "Kada a Kashe": Abin da Tsohuwar Kwamfuta da Kumbunan Mars Suka Koya Mini

A shekarata ta biyu ina kula da kwamfutocin wani kamfani mai rarraba kaya, na rubuta wa shugaban sashen kuɗi takarda mai shafi huɗu ina neman a jingine tsohuwar uwar garken, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya da albashi, a mayar da komai kan manhajar da ake haya ta intanet. Na'urar tana wani lungu bayan ɗakin ajiye fayiloli, fankarta na gurnani dare da rana, kuma wani wanda ya riga ni aiki ya manna mata takarda mai rubutun hannu cewa "Kada a kashe." Duk lokacin da baƙo ya leƙa wurin, kunya takan kama ni.

Shugaban ya karanta takardar har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, idan sabuwar ta tsaya ranar biyan albashi, wa zai tayar da ita, kuma cikin awa nawa?" Na ce, "Yallaɓai, ai kamfanin da ya ba mu haya ne zai gyara." Sai ya tambaye ni ko na san mutum nawa za su riga mu shiga layi a ranar, kuma ban sami abin cewa ba. Ya amince a gwada sabuwar manhajar a kan jadawalin hutun ma'aikata da neman kayan ofis kaɗai, albashi da lissafin kaya kuwa su zauna inda suke. Na fita ina ganin tsoron sabon abu ne kawai irin na manya.

Labarin motar binciken Perseverance ne ya fara sauya mini wannan tunani. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sauke ta a duniyar Mars a watan Fabrairu na 2021, a wani shiri da ya laƙume dala biliyan 2.7 ko kusa da haka, amma ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita, RAD750, jikanyar PowerPC 750 ce, wadda kamfanin Apple ya saka cikin kwamfutar iMac tun 1998, kuma saurinta bai wuce megahaz 200 ba. Wayar da ke aljihuna ta ninka ta gudu sau da yawa. Dalilin zaɓen wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa shi ne, a wajen kariyar duniyarmu ƙwayoyin haske masu ƙarfi sukan ratsa na'ura su juya sifili ya koma ɗaya a cikin ma'ajiyarta, kuma ƙera ƙwaƙwalwar da za ta jure wannan, a gwada ta har a yarda da ita, aiki ne na shekaru. Wadda ta riga ta yi aiki cikin Curiosity, motar binciken Mars da ta riga Perseverance, tun 2012 ta fi sabuwa daraja a wurin da babu mai zuwa ya kashe ya kunna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, da aka ɗaure a ƙarƙashin cikin motar. Nauyinsa kilo 1.8 ne, an kashe masa kimanin dala miliyan 85, kuma a cikinsa an saka ƙwaƙwalwar Snapdragon 801 ta kamfanin Qualcomm, irin wadda ke cikin wayoyin hannu, domin tashi a iskar Mars mai rauni yana bukatar lissafi mai sauri da na'ura marar nauyi. An tsara masa tashi biyar, ya yi 72 tsakanin Afrilun 2021 da Janairun 2024. Hukuma ɗaya ce, roka ɗaya ce ta ɗauke su, amma aka yanke hukunci iri biyu, saboda faɗuwar ɗan jirgin ba za ta hana motar aikinta ba, alhali mutuwar motar asarar shirin ce gaba ɗaya. A nan na gane cewa rabon da shugabana ya yi tsakanin jadawalin hutu da albashi irin wannan lissafin ne, ko da yake ban taɓa jin ya ambaci sararin samaniya ba.

Sai dai na yi abin da sabon tuba ya saba yi, na wuce gona da iri, na koma mai kare duk wani abu tsoho. Da kamfanin ya buɗe babban rumbun kaya wanda cinikinsa ya ninka na farko, ni da kaina na ba da shawarar a kwafi tsohuwar manhajar yadda take a dasa a can, tun da ta shekara goma ba ta ba mu kunya ba. Ban duba cewa gurbin lambar rasit alƙaluma biyar kawai yake ɗauka ba. A tsohon wurin ana sake ƙirga daga ɗaya kowace sabuwar shekara, kuma ba a taɓa kusantar 99,999 ba. A sabon rumbun an kai wannan lamba a wata na tara, ƙirgan ya koma farko ba tare da wani gargaɗi ba, sabbin rasit suka riƙa hawa kan na watan Janairu. Na'urar da muka tanada don ajiye kwafi ita ma ta yi aikinta da gaskiya, ta kwashe ɓarnar kamar yadda take. Dare uku muka yi da ma'aikatan rumbun muna bin takardun hannu ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya na karanta abin da ya faru da rokar Turai, Ariane 5, ranar 4 ga Yunin 1996, lokacin da ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin bincike huɗu. An ɗauko manhajar da ke gano matsayin roka daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya, amma sabuwar rokar ta fi gudu a kaikaice, don haka wata lamba ta yi wa gurbin da aka tanadar mata girma. Na'ura biyu ke wannan aiki, amma ta ko-ta-kwana ta faɗi kafin ta farkon ma, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu, kuma sashen da ya jawo matsalar ba a ma bukatarsa bayan an tashi. Ina karantawa ina jin kamar rahoton rumbunmu ne aka ƙara wa sifilai. Shaidar da shekaru goma suka ba manhajarmu shaida ce a kan ƙaramin ciniki, ni kuwa na ɗauke ta na kai inda ba a taɓa gwada ta ba.

Akwai kuma kuɗin da tsohuwar na'ura ke ci wanda ba ya fitowa a kasafi, wato dogaro ga mutanen da suka san cikinta. Lokacin da kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, ya fara aiko da saƙonni marasa ma'ana a Nuwamban 2023, injiniyoyi sun yi wata biyar kafin su kewaye ɓangaren ma'ajiyar da ya lalace, kowane umarni yana ɗaukar awa 22 da rabi kafin ya isa. Su dai ba su da zaɓin sauya kumbon, mu kuwa muna da shi, kuma a wurinmu ilimin gaba ɗaya yana kan wata ma'aikaciya guda a sashen lissafi.

Ranar da ta sanar cewa za ta yi ritaya bayan shekara ɗaya, shugaban sashen kuɗi ne da kansa ya kira ni ya ce in ɗauko waccan takarda mai shafi huɗu. Na sake rubuta ta, wannan karon da jerin kowane gurbi da iyakar abin da yake ɗauka, da adadin awoyin da kowane sashe zai iya jurewa ba tare da kwamfuta ba. Muka tafiyar da tsohuwa da sabuwa tare har wata uku, ma'aikaciyar tana zaune tana gwama alƙaluman biyu kowace yamma da biro a hannu, kuma albashi ne na ƙarshe da aka mayar. Ita muka bari ta cire takardar "Kada a kashe" ta danna maɓallin.