Adireshin da ya kunyata ni

Mako mai zuwa zan bar sashen, bayan shekara huɗu ina ƙirga takardun binciken da malaman jami'a da ma'aikatan kamfanoni suka rubuta tare. An ce in bar wa na baya abin da na koya.

Kun san yadda muke yi. A kwaso bayanai daga Scopus ko Web of Science, manyan rumbunan takardun bincike na intanet, duk takardar da sunan jami'a da na kamfani suka haɗu a kanta a ƙirga ta haɗin gwiwa, a jingina ta ga yankin da adireshin marubutan ya nuna. A rahotona na farko wani yanki ya yi wa saura fintinkau. Na yi murna, oga ya fi ni, har ya ɗauki taswirar ya kai gaban masu raba kuɗin bincike. A can wani dattijon injiniya ya tambaya a wane ɗakin gwaji aka yi ayyukan. Shiru. Ashe kamfani ɗaya ne, ma'aikatansa duk adireshin hedikwata suke sakawa, ɗakunan gwajin kuwa suna wani yanki can daban. Wanda na ɗora a sama ofisoshi kawai gare shi.

Kuskurena ne, ban musa ba. Sai dai tun farko na roƙi mako biyu in bi adireshin nan ɗaya bayan ɗaya, aka ce lokaci ya ƙure. Da asiri ya tonu, abin da oga ya faɗa shi ne, “Yaron da ya haɗa alƙaluman ne.” Har yau ban ji mako biyun nan a bakinsa ba.

Sauran a taƙaice. Iyakar yanki zane ne a takarda. Ku duba tazarar da ke tsakanin masu haɗin gwiwar, kamar yadda jadawalin Leiden, mai auna binciken jami'o'in duniya, yake ware haɗin gwiwar da bai kai kilomita 100 ba da wanda ya haura 5,000. Takarda ɗaya mai yankuna uku, ku faɗa tun farko ko kowa ya samu ɗaya ne ko sulusi. Takardar neman mallakar ƙirƙira sai bayan wata 18 ake bayyana ta, don haka kada ku ce bara ba a yi komai ba. Aikin da kamfani ya biya ya ce a rufa masa asiri kuwa ba ya shiga kowane kundi.

Jerin adireshin da na tace da hannuna, dare da Asabar, yana cikin kwamfutar sashe. Shi ake amfani da shi yanzu, har a rahoton da oga ya sa wa hannu watan jiya.