Abin da na ji a ƙwaƙwalwar masu distoniya

Aikina a ɗakin tiyata sauraro ne. Likita yana zura wata siririyar waya a hankali cikin ƙwaƙwalwar majiyyaci, ni kuma ina gaban kwamfuta da lasifika, ina jin yadda ƙwayoyin jijiya ke harba saƙo. Da wannan ƙarar muke gane inda za a dasa wayar dindindin ta aikin DBS, wato motsa can cikin ƙwaƙwalwa da lantarki, dabarar da likita Alim-Louis Benabid ya fara a Grenoble ta Faransa a 1987.

Ga mai distoniya, wanda tsoka ke murɗe masa wuya ko hannu ba da son ransa ba, wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira GPi muke nema. Kowane sashe a hanya da muryarsa. Na farko kusan shiru, na biye da shi ya yi harbi, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Idan aka isa GPi na mai ciwon Parkinson, wato ciwon da ke sa karkarwa, sai ka ji kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ba ƙaƙƙautawa, sau 80 zuwa 90 a daƙiƙa. Na mai distoniya bai kai haka ba, kuma a hargitse yake: harbi a dunƙule, shiru, sai wani dunƙulen. Mun sha lanƙwasa wa majiyyaci wuyan hannu ƙwayar jijiya ta amsa, mu motsa gwiwar hannu ita ɗin dai ta sake amsawa, alhali gaɓa ɗaya ya kamata ta sani.

Ni dai a ganina wannan hargitsin ya fi yawan harbin ba da labari, domin adadin yana da ruɗi. Mai Parkinson galibi idonsa biyu ake masa aikin. Mai distoniya kuwa, musamman yaro, jikinsa ba ya barinsa ya kwanta shiru, sai an sa shi barci da maganin propofol, wanda shi kansa yana rage harbin, kamar yadda masu bincike a Toronto ta Kanada suka nuna a 2003. Shi ya sa ba na rubuta kowane adadi sai na fara rubuta maganin da aka ba majiyyacin da lokacin da aka tsayar.

Sai batun haƙuri. Mai karkarwa, ana kunna lantarki hannunsa ke lafawa a gabanmu. Distoniya kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin wuya ya miƙe, don haka tun kafin tiyata muke zaunar da iyaye mu faɗa musu.