Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Talatar da Cocil ya yi murabus

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda kawuna ya kama hannuna ya kai ni gidan rediyon Kano, aka ɗauke ni yaron injiniya. Yau zan ba ku labarin yini guda cur a wannan aiki, tun daga asuba har rufe tasha. Na zaɓi Talata, 5 ga Afrilu 1955, saboda abin da ya faru a yammacinta ya sa ban taɓa mance ta ba.

Sai na fara gyara muku tunani kan abin da muke kira rediyo a lokacin. Akwati ne na katako da lasifika a ciki, an rataye shi a bango, waya ta fito daga bayansa ta bi ta kan soro ta hau falwaya har zuwa wurinmu. Maɓalli ɗaya gare shi, na ƙara murya da rage ta. Babu wata tasha da za ka murɗa ka nema; abin da muka saki shi za ka ji, kuma kana biyan kuɗin haya duk wata. An fara wannan tsari a Ikko a 1935, Ibadan ta samu a 1939, Kano kuwa a 1944, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Rediyo mai kama iska da kanta akwai ta, amma sai gidajen Turawa a Nasarawa, da Kwarori, da ɗaiɗaikun attajirai. Talakan birni, in ba shi da akwati a zaure, sai ya tafi inda aka kafa babbar lasifika a bainar jama'a ya tsaya ya saurara. Ke nan mu kaɗai ke kama iska a madadin gari guda, mu raba ta waya.

Ina idar da sallar asuba na hau keke. Aikina na farko shi ne kunna injuna, domin ba a kunna su a yi magana nan take. Cikin kowace na'ura akwai kwalabe na gilashi a jere, sai sun ɗauki zafi sun yi ja kafin su yi aiki. Nakan bi su da tsumma busasshe in share ƙura, in leƙa ta bayan akwatin ƙarfen in tabbatar kowace kwalba ta kama. Wadda ta yi duhu ta mutu, a zare ta a sa wata. Watan Afrilu ne, zafin bazara ya kankama, ga zafin injin a kai. Kafin hantsi riga ta manne a baya.

Injiniya ya iso ya ɗora abin saurare a kunne ya fara laluben Landan. Wannan aiki ne na haƙuri da kunne. Gajeren zango ba ya zama wuri ɗaya: da rana mukan same su a mita 13, 16 ko 19, da dare sai a koma 25 ko 31. Murya ta zo tangaran, can kuma ta dusashe kamar mai magana ya juya baya, sannan ta dawo. Shi ya sa ake kunna na'urar kamawa biyu a zango daban-daban, in wannan ta yi sanyi a juya ga waccan kafin mai saurare ya farga. A ƙarshen rani kuma, in hadari ya fara haɗuwa can kudu, ko da ba a ga gajimare a Kano ba za ka ji tartsatsinsa a cikin injin. Yakan ce da ni, "Yaro, kunnenka shi ne ma'auninka. Allurar ma'aunin injin nan tana iya ruɗinka, kunne ba ya ruɗi." Da agogon Big Ben ya buga sai mu daidaita namu na bango, mu ƙara awa ɗaya a kan lokacin Girinwic, wato GMT.

A lokacin an riga an kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya, NBS, tun 1951, saboda haka ban da Landan muna karɓo shirye-shirye daga Ikko da Kaduna. Sashen Hausa na BBC bai zo ba tukuna. Sai 13 ga Maris 1957 aka fara jin muryar Aminu Abdullahi Malumfashi daga Landan. Kafin nan duk Hausar da ta shiga akwatin mutum a nan gida aka yi ta. Hanyar kuwa tun zamanin yaƙi aka share ta, lokacin da aka tura Isa Kaita da Bello Dandago birnin Ankara na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suna karanto labaran fagen fama da Hausa.

Da hantsi aka aiko cewa wata unguwa ta yi tsit. Na saɓa tsani, ni da mai gyaran waya muka bi falwaya ɗaya bayan ɗaya ta wajen Ƙofar Mata, har muka tarar wata babbar mota mai lodi ta tsinke waya. Muka ɗaure, sannan muka bi gidaje muna gwadawa. A wani zaure na tarar an lulluɓe akwatin da tsohon zane, an ɗaure da igiya. Tsohuwar gidan ta leƙo, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, lafiya aka rufe shi?"

Ta ce, "Ɗan nan, abin da ke magana ai yana ji. In za mu yi zancen cikin gida sai in rufe masa kunne."

Na buɗe bayan akwatin na nuna mata babu komai sai lasifika da waya biyu. Ta duba da kyau, ta sa mini albarka, ta kawo mini fura a ƙwarya. Ina fita na ji tana cewa jikarta ta mayar da zanen. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mace ce da ta ga shigowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da idonta, ta ga an kawo famfo da lantarki, kuma kowane baƙon abu da hukuma ta kawo ya zo da nasa haraji ko sharaɗi. Taka-tsantsan ɗinta hankali ne.

Bayan azahar sai faifai. A nan ne hannuna ya fi ƙwarewa. Faifan garmaho na wancan zamani baƙi ne, mai nauyi, yana juyi 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. In ya kuɓuce ya faɗi, ya tashi aiki. In aka bar shi kusa da taga rana ta taɓa shi, ya lanƙwashe. Allurar ƙarfe ce, ana canja ta a kai a kai don kada ta cinye faifan. Ina tsaye tsakanin garmaho biyu, wannan na juyi ina shirya wancan, domin babban abin kunya a gidan rediyo shi ne shiru.

Amma abin da gari ke jira shi ne makaɗa. Ran nan da la'asar sakaliya aka kawo mai kukuma da 'yan amshinsa da mai kalangu. Abin magana ɗaya tak gare mu a ɗakin, kuma kai tsaye ake tafiya. Abin da ya fita daga baki ya shiga gari, babu kiranye. Na ja layi da alli a ƙasa: mawaƙi a nan, taku biyu daga abin magana, 'yan amshi a bayansa, mai kalangu can jikin bango, don in ya matso allurar ma'auni takan buga ƙarshe, murya ta dagule. Aka rufe tagogi, aka kashe fanka saboda ƙararta. Malam mai gabatarwa ya ja mawaƙin gefe ya ce, "Don Allah a yi yabo, ban da zambo, ban da habaici. Kuma kada a ambaci jam'iyya." Lokacin siyasa ta yi zafi tsakanin NEPU da NPC, Sardauna bai cika shekara da zama Firimiya ba, kalma ɗaya tana iya tayar da unguwa.

Jar fitila ta kama. Mutumin da ya saba waƙa a dandali, ana liƙa masa kuɗi ana guɗa, yau ga shi gaban guntun ƙarfe, ba mai ce masa madalla. Baitin farko muryarsa na rawa. Sai Malam ya zauna a gabansa a kan tabarma yana gyaɗa kai, yana murmushi, yana yi masa alama da hannu. Nan take ya sake, kukuma ta ɗauka, gumi na zuba daga haɓarsa yana ɗiga a ƙasa. Na ji waƙoƙi da yawa a rayuwata a kaset da waya, amma har gobe ina ganin wanda bai tsaya cikin irin wannan ɗaki ba bai san nauyin murya ba. Abin da ke mini ciwo shi ne ba mu naɗi ko baiti ɗaya ba. Ta tafi ta waya, ta shiga kunnuwa, shi ke nan.

Muna dawowa daga sallar magariba na ga injiniya ya danne abin saurare da hannu biyu, ya ɗaga mini yatsa. Landan na cewa Winston Cocil ya je fadar Sarauniya ya ajiye muƙamin Firayim Minista, yana da shekara 80. A makonnin nan ma'aikatan jaridun Landan suna yajin aiki, don haka su kansu mutanen birnin ta rediyo suka ji, daidai da mu. Malam ya ja kujera, fensir a hannu, yana saurare yana rubutawa a gurguje. Ya juya shi zuwa Hausa, ya karanta a hankali sau ɗaya leɓɓansa na motsi, ya soke wata jimla, ya gyara hularsa kamar wanda za a gani.

Injiniya ya ce, "Hau keke ka je babbar lasifika ka ji mini ko tana fita sosai."

Na isa na tarar da cincirindo: 'yan koli da suka tashi daga Kasuwar Kurmi, masu dako, almajirai, malamai da buzu a kafaɗa. Murya ta fito tas. Da aka ambaci sunan Cocil sai surutu ya ɗauke. Kusa da ni akwai wani tsohon soja, irin waɗanda aka kai Bama suka yi yaƙi da Japan, ya ƙame tsaye har aka gama. Wani dattijo ya taɓa shi ya ce, "Samanja, mutuwa ya yi ko cire shi aka yi?"

Ya ce, "Ko ɗaya, Baba. Tsufa ya zo, ya sauka da ƙafarsa."

Dattijon ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce a maimaita masa. Nan fa muhawara ta ɓarke. Wasu na cewa ba a sakin mulki haka kawai, akwai abin da aka ɓoye. Wani matashi mai jarida a hammata yana cewa in wanda ya ci Jamus zai sauka, to Turawan da ke nan ma ranarsu na zuwa. Ni dai ina riƙe da keke ina kallon lasifikar. Takardar da na ga Malam na sokewa da fensir ɗazun nan ita ce ɗaruruwan mutane ke ja-in-ja a kanta, kuma kafin isha za ta kai Fagge, gobe fatake su kai ta ƙauye. A wurin nan na yanke shawarar ba zan tsaya a share kwalabe ba, sai na koyi aikin Malam.

Na koma na ba da rahoto. Muka ci gaba har lokacin rufewa, aka sa taken Sarauniya, na kashe injuna ɗaya bayan ɗaya, na rubuta a littafin aiki abin da aka watsa da wayar da aka gyara. Washegari aka sanar Anthony Eden ya gaji Cocil.

Da safen nan na sami Malam a ofis na durƙusa na faɗa masa buƙatata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo mini Gaskiya Ta Fi Kwabo ya ce in karanta masa shafin farko da ƙarfi. Yadda wannan gwaji ya kaya, da abin da mahaifina ya ce da ya ji ɗansa na son yin magana a cikin akwati, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.