Ranar da jiki ya yi sauƙi ku fi kula

Ƙannena masu fama da amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, musamman waɗanda ba a daɗe da faɗa musu ba, ni dai duk ɓarnar da na yi wa hannayena a ranakun da ciwon ya lafa na yi ta, don ranar da ya tasar miki ai ba sai an ce ki kula ba, zafin ma ya ishe ki malami.

Shi wannan daban yake da ciwon gwiwar tsufa da guringuntsi ke zaizayewa. Garkuwar jikinki ce da kanta take kai wa shimfiɗar cikin gaɓa hari, wajen ya kumbura ya yi zafi, kuma yawanci ƙananan gaɓɓai yake fara kamawa, yatsu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, dama da hagu tare, da safe ki tashi hannu ya sandare fiye da rabin awa, wani lokacin awa ɗaya ma ta wuce ba ki iya murɗa famfo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, shi ya sa kuka ji ina ta cewa ki, amma maza ku ma da ku nake. Abin da ban gane da wuri ba shi ne kumburin nan yana iya ci gaba da cin ƙashi a hankali ko da zafin ya ragu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Likita ya ɗora ni kan metotireksat. Sau ɗaya ake shan sa a sati, don Allah ku riƙe wannan, sau ɗaya a SATI, wanda ya sha shi kullum bisa kuskure zai iya rasa ransa, kuma ana haɗa shi da folik asid a wata ranar daban. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin ki ji bambanci. To ni na yi haƙuri har ya fara aiki, yatsu suka sace, na fara rufe maɓallin riga ba tare da na ciji leɓe ba, sai na ce ai na warke, ga shi dama washegarin ranar shan sa tashin zuciya yake sa ni, kawai na ajiye shi ban faɗa wa kowa ba. Da ciwon ya fara dawowa sai na koma kan diklofenak da ibufurofen, su kuwa zafi suke kwantarwa, ba sa hana gaɓa lalacewa, ga su da cin ciki da wahalar da ƙoda idan aka daɗe a kansu. Lokacin da na koma asibiti yatsuna sun riga sun fara karkacewa, har yau a haka suke. Kuma abin haushin wai tashin zuciyar da na gudu saboda ita tana da mafita, ana iya gyara yawan maganin, ko a mayar da shi allura, ko a duba wani kamar salfasalazin ko haidiroksikulorokwin, magana ɗaya da likita da ta wadatar.

Gwajin jinin da ake cewa ki riƙa yi ba neman wahalar da ke ba ne, hanta da ƙwayoyin jini ake dubawa. Mai son ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin ta ɗauka don metotireksat yana cutar da ɗan tayi, giya ma ba ta tafiya da shi. Firedinisolon kuma, maganin kwantar da kumburi, daɗi gare shi, kwana kaɗan ki ji kamar ba ke ba, amma daɗewa a kansa yana raunana ƙashi yana ɗaga suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali likita yake rage shi.

Sai maganar aiki. Ranar da na tashi garau sai in ce yau zan rama duk abin da ya taru, wanki, goge-goge, ɗaga wannan matsar da wancan, tun safe har dare, washegari kuma ko kofi ba na iya riƙewa, in kwanta in yi ta jin haushin kaina, in na ɗan samu sauƙi in sake maimaitawa. Yanzu na koyi tsayawa tun ban gaji ba, wanda wallahi ya fi wuya fiye da yadda yake a baki. Ki raba aikin, abin da za a iya yi a zaune ki yi shi a zaune, kaya ki rungumo su da hannu biyu ko ki rataya jaka a dantse maimakon a yatsu, ƙofa mai nauyi ki tura ta da kafaɗa, cokali da biro da burushi ki naɗa musu tsumma mariƙin ya yi kauri. Babbar gaɓa ta ɗauke wa ƙarama.

Kwanciyar ma na yi ta fiye da kima, ina ganin kamar hutawa nake ba gaɓɓan, ashe naman da ke riƙe su ne yake zubewa, sandarewar tana ƙaruwa. Tafiya a ƙasa, keke, iyo ga wadda ta samu hali, duk suna da amfani, minti 150 a sati ake so amma ki fara da minti 10 ba laifi. Ko ranar da ciwon ya tashi ki ɗan lanƙwasa yatsu ki miƙe su a cikin ruwan ɗumi, ɗumi na sandarewar safe ne, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuma ƙanƙara a cikin tawul kamar minti 15. Idan kin motsa jiki zafin ya wuce awa 2 bai lafa ba to kin zarce, gobe ki rage. Kuma ba don gaɓɓai kawai ba, masu wannan ciwon sun fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya, kumburin har jijiyoyin jini yake taɓawa, don haka awon hawan jini kar ya wuce ki.

Sigari kam a bar shi, yana tsananta ciwon kuma yana rage wa magani ƙarfi. Haƙori a kula da shi, ciwon dasashi yana da alaƙa da wannan cutar. Abinci babu wanda yake warkarwa duk abin da za ki gani a intanet, kifi mai maiƙo da ganye da rage ƙiba suna taimakawa, iyakarsa ke nan. Masu tallan garin magani da ke cewa sati ɗaya an rabu da ciwon kuwa ki yi hattara, an sha gano irin su firedinisolon a ɓoye a cikin wasu, shi ya sa suke aiki kamar sihiri. Zazzaɓi ko tarin da ya ƙi tafiya alhali kina kan maganin da ke danne garkuwa irin su metotireksat da firedinisolon, ki kira likita, kar ki jira ranar da aka ba ki.

Ranar ganin likitan kuma, sau nawa ya ce ya jiki na ce da sauƙi, don ranar ɗin da gaske da sauƙin, na manta da satin da ya wuce ko tsefe kai ban iya ba. Ki riƙa rubutawa a waya, yau minti nawa hannu ya yi a sandare, wace gaɓa ce ta kumbura, ki ɗauki hotonta tun tana kumburen, gajiyar ma ki rubuta don tana cikin ciwon, ba lalaci ba ne. Da wannan da gwajin jini na ESR da CRP masu nuna yawan kumburi yake gane ko maganin ya isa, ko a ƙara, ko a canza.