Kafin nama ya shiga tukunya

Shekara tara ke nan ina wannan sana'a. Ni da ma'aikata uku muke soya albasa da tafarnuwa da citta da tattasai mu ɗura a kwalabe, mu kuma niƙa busassun kayan ƙamshi, domin masu gidajen abinci da waɗanda aiki ba ya barinsu su tsaya yanke-yanke. Rabin aikinmu tsayuwa ce a kan albasa.

Kusan kashi 89 cikin 100 na albasa ruwa ne, shi ya sa buhu guda idan ya soyu za ka rantse an ɗebe. Muddin ruwan nan bai ƙafe ba, zafin da ke cikinta ba ya wuce digiri 100, dahuwa kawai take yi. Sai ya ƙafe zafin zai haura wajen digiri 140, sannan ta fara yin ja, zaƙinta ya fito. Masana suna kiran wannan sauyi da sunan Louis-Camille Maillard, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1912. Duk sabon ma'aikaci hannunsa na ƙaiƙayin ƙara wuta, sai gefen albasar ya ƙone alhali cikinta ɗanye. Nakan tsayar da shi gaban kasko minti arba'in ya yi ta juyawa, har idonsa ya koyi launin da muke nema.

Tafarnuwa halinta daban. Ƙwayar da ba a taɓa ba ƙamshinta kaɗan ne, sai an daka ta sinadarin alisin yake samuwa, kuma zafi yana tsayar da wannan aiki. Don haka mukan bar ta kamar minti goma bayan daka kafin ta ga wuta. Ga saurin ƙonewa. A shekarata ta farko na zuba ta tare da albasa tun daga farko, babbar tukunya ta yi ɗaci ƙwarai, na zubar da ita ina hawaye. Tun daga ranar tafarnuwa ce ta kusa ƙarshe, minti ɗaya ko biyu ya ishe ta.

Da na fara karance-karance na yi mamakin yadda al'ummomi da dama suka kama hanya ɗaya. Faransawa suna da mirepoix, kashi biyu albasa, kashi ɗaya karas, kashi ɗaya seleri. Italiyawa suna soya irinsa a man zaitun. A Luwiziyana ta Amurka tattasai ne ya maye gurbin karas. Sinawa suna fara da citta da tafarnuwa da albasa mai lawashi, Indiyawa kuma su jefa busassun kayan ƙamshi cikin mai mai zafi har su fara tsalle. Dukkansu da mai suke farawa, saboda yawancin ƙamshin nan ba ya narkewa a ruwa, mai ne ke janyo shi ya raba shi ko'ina cikin miya. Yajin barkono ma haka ne, kuma ba a 'ya'yan ya fi taruwa ba, a farar fatar da ke riƙe da su yake. Ita muke kankarewa idan muna haɗa kwalbar marasa son yaji.

Citta busasshiya ta fi ɗanya zafi, ɗanyar kuma ta fi ƙamshi, ba na musanya ɗaya da ɗaya. Kanumfari da masoro ba ma niƙa na fiye da mako biyu, domin garinsu yana saurin sallacewa.

Akwai abu ɗaya da ake yawan roƙona na ƙi: ɗanyar tafarnuwa jiƙe cikin mai. Mai yana toshe iska, tafarnuwa kuma ba ta da tsami, to a irin wannan wuri ƙwayar botulizim, wata muguwar cutar gubar abinci, ke yaɗuwa, kuma gubarta ba lallai ta sauya wari ko launi ba. Sai tsami ya ƙaru har ma'auninsa na pH ya sauka ƙasa da 4.6 (yawan tsami ne ke saukar da lambar) ƙwayar take kasa tsiro. Na sayi na'urar awon tun kafin in sayi injin niƙa na biyu. Kowace tukunya sai mun auna ta, mun rubuta kwanan wata a murfi, sannan ta wuce firji. Wata mai gidan abinci ta daina saye a wurina saboda na ƙi haɗa mata, na ji zafin rasa ta, amma har yau ba ma yi.